Ziyarar Iskandariya, Amaryar Bahar Rum

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau bakin teku muka nufa. Shekara da shekaru mutanenmu suna zuwa ƙasar Masar. Ɗalibai na tafiya Azhar, 'yan kasuwa na zuwa sarin kaya, marasa lafiya na zuwa ganin likita, wasu kuma a can suke yada zango a hanyarsu ta Umara. Amma idan ka tambayi yawancinsu abin da suka gani, amsar ba ta wuce Alƙahira: filin jirgi, masauki, asibiti, kasuwa, in an yi ƙoƙari a leƙa dalar Giza. Alhali kuwa tafiyar da ba ta wuce awa 3 ba daga Alƙahira akwai birni na biyu mafi girma a ƙasar, mai mutane sama da miliyan 5, yana shimfiɗe a gaɓar Bahar Rum. Shi ne Iskandariya, wadda Misirawa ke yi wa kirari da amaryar teku.

Abin da muke so mai sauraro ya riƙe daga shirin yau shi ne, gari irin wannan yana buɗe kansa ne ga wanda ya je da shiri. Wanda ya san abin da yake kallo zai dawo da ilimi, wanda ya je haka kawai kuma hotuna zai dawo da su a waya. Sannan teku yana da dokokinsa, mu kuwa mutanen tudu ne, akwai buƙatar mu san su tun kafin mu isa.

Bari mu fara da hanya. Tsakanin Alƙahira da Iskandariya akwai kimanin kilomita 220. Ana iya bin mota ta hanyar hamada, amma shawararmu ita ce a shiga jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Wannan layin dogo shi ne na farko a nahiyar Afirka, an kammala shi a 1856, kuma yana ratsa tsakiyar ƙasar noma ta Kogin Nilu. Ta taga za ka ga gonakin alkama da shinkafa da auduga, da magudanan ban ruwa, da ɓaunayen gida suna kiwo, ka gane da idonka yadda kogi ɗaya ke riƙe da al'umma guda. Tashoshi biyu ne a Iskandariya: Sidi Jabir, sai babbar tasha ta ƙarshe da ke tsakiyar gari. Baƙo ɗan ƙasar waje yana da kuɗin tikitinsa daban da na ɗan ƙasa, saboda haka a tambaya a wurin sayar da tikiti, kada a bi ta hannun 'yan kamasho.

Game da lokaci, watannin Yuli da Agusta su ne na cunkoso, domin Misirawa kansu suna tururuwa zuwa can gudun zafin Alƙahira. Masauki kan yi tsada, bakin ruwa kuma ba masaka tsinke. Daga Disamba zuwa Fabarairu lokacin sanyi ne da ruwan sama da guguwar teku, wadda mutanen garin ke kira nawwa, har igiyar ruwa ta riƙa tsallake katanga tana watsuwa a kan titi. Wanda yake da zaɓi ya nufi Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba.

To, ka sauka. Yaya garin yake? Iskandariya doguwa ce, siririya, teku a arewa, tafkin Maryut a kudu. Titi ɗaya ne ƙashin bayanta, wato titin bakin ruwa da suke kira Kurnish, wanda ya miƙe fiye da kilomita 15 daga sansanin Ƙa'itbai a yamma zuwa lambun Muntaza a gabas. Muddin ka san inda teku yake, ba za ka ɓata ba. Tashoshin ruwa biyu ne suka kama tsohon gari ta gefe da gefe. Ta yamma ita ce ta manyan jiragen dakon kaya, inda kaso mafi tsoka na cinikin Masar da ƙasashen waje ke bi, daga alkama zuwa katako da motoci. Ta gabas kuwa ta masunta ce da jiragen shaƙatawa. Ta lanƙwaso kamar lauje, dogayen benaye sun jeru a bayanta, kwale-kwale masu fenti shuɗi da kore da ja suna lilo a kan ruwa. Wannan shi ne hoton da aka san garin da shi.

Wanda ya kafa birnin shi ne Sarki Iskandar na Masedoniya, a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wani ɗan tsibiri mai suna Faros da ya tare igiyar ruwa, ya bar wuri mai lafawa a bayansa inda jirage za su fake. Bayan mutuwarsa, zuriyar kwamandansa Batlamus suka mulki Masar daga nan kusan shekara 300, ta ƙarshensu ita ce Sarauniya Kiliyobatara. A zamaninsu aka cike ruwa aka yi hanya daga gari zuwa tsibirin, hanyar da ta raba tashar gida biyu. Yashi ya yi ta taruwa a jikinta har ta zama unguwanni. Daga baya Rumawa suka karɓe garin, sannan Sahabi Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya buɗe shi a 641. Da aka mayar da fadar mulki garin Fusɗaɗ, Iskandariya ta ci gaba da zama kasuwa da garin malamai na tsawon ƙarnoni, amma sannu a hankali ta tsuke. Lokacin da sojojin Faransa suka sauka a 1798, mutanenta ba su wuce 'yan dubbai ba. Mai mulkin Masar Muhammadu Ali Basha ne ya farfaɗo da ita, da ya haƙa mashigin Mahmudiyya wanda ya sake haɗa ta da Nilu a 1820. Ruwan sha ya dawo, jiragen kaya suka dawo, cinikin auduga ya bunƙasa, Girkawa da Italiyawa da Shamawa da Armeniyawa da Yahudawa suka cika gari. Shi ya sa idan kana yawo a unguwar Manshiyya da tashar Ramal za ka ga gine-gine irin na Turai kusa da masallatai da majami'u.

Wurin da ya kamata baƙo ya fara da shi, da sassafe kafin rana ta take, shi ne sansanin Ƙa'itbai. Gini ne na dutse mai launin ƙasa-ƙasa a can bakin tsohon tsibirin, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. Sarkin Masar Al-Ashraf Ƙa'itbai ya fara shi a 1477 don tsare tashar daga farmakin jiragen yaƙi. A ciki akwai masallaci, da ɗakunan sojoji, da ƙananan tagogi da ake harbi ta cikinsu. Idan ka hau saman katanga, gaba dai ruwa ne iya ganinka, baya kuma ga birnin nan gaba ɗaya ya zagaye tashar.

Amma darajar wurin ta fi abin da ido ke gani. A daidai nan ne hasumiyar Faros ta tsaya, wadda aka lissafa cikin abubuwan al'ajabi 7 na tsohuwar duniya. An kammala ta wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100, ana hura wuta a samanta da dare don matuƙan jirage su hango mashiga daga nesa su kauce wa duwatsu. Ta yi sama da shekara 1,500 a tsaye kafin girgizar ƙasa, musamman ta 1303 da ta 1323, ta gama da ita. Shahararren matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube. Da ya dawo a 1349 ya tarar ko shiga ba ta yiwuwa. Wannan Ibnu Baɗuɗa shi ne ya ratsa Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Kun ga ke nan mutum ɗaya ya ga kangon hasumiyar Faros, ya kuma ji labarin ƙasar Hausa. Ragowar duwatsunta wasu sun shiga ginin sansanin, wasu suna ƙarƙashin ruwa. Tun 1994 masu binciken tarihi ke nutso a wurin suna gano manyan tubala da gumaka.

Daga sansanin sai ka tako a ƙafa zuwa unguwar Anfushi, wadda ake kira Bahari, unguwar masunta. Nan za ka ga masassaƙa suna haɗa jiragen katako a bakin yashi, tsofaffi suna ɗinkin taru, yara suna jefa ƙugiya. Wanda ya iya sammako ya je kasuwar kifi bayan sallar asuba, lokacin da ake sauke kamun dare ana cinikinsa da ƙarfin murya. A nan kusa fadar Ra'asut Tin take, inda Sarki Faruƙ ya sa hannu ya sauka daga mulki ranar 26 ga Yuli, 1952, ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar. Bayan shekara 4 cif, a rana irin wannan, Shugaba Jamal Abdul Nasir, wanda shi ma haifaffen Iskandariya ne, ya tsaya a dandalin Manshiyya ya sanar da mayar da mashigin Suwes hannun Masar.

Ga almajirai da malamai, a wannan unguwa akwai abin da zai taɓa zuciya. A dandalin masallatai za ka ga masallacin Abul Abbas Al-Mursi, mai ƙubbobi da doguwar hasumiya. Shi malami ne haifaffen Andalus, almajirin Abul Hasan Ash-Shazili, ya rayu a ƙarni na 13 ya rasu a nan. Ginin da ake gani yanzu a shekarun 1940 aka kammala shi. Daura da shi ga masallacin Imam Busiri, mai ƙasidar Burda da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an rubuta baitocinta a jikin bango. Iskandariya kuma tsohuwar cibiyar mazhabar Malikiyya ce. A nan Abubakar Aɗ-Ɗurɗushi, mai littafin Sirajul Muluk, ya koyar har ya rasu a 1126. A nan Ibnul Hajib ya rasu a 1249, wanda Shehu Halil, mai Muhtasar ɗin da malamanmu ke karantarwa, ya yi wa littafinsa na fiƙihu sharhi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, akwai wani yanki na karatunsa da ya bi ta wannan gari. A shiga waɗannan wurare da ladabi, a cire takalmi, mata su bi ta ƙofarsu, kada a ɗaga waya ana ɗaukar masu salla.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna zagaya birnin Iskandariya ne na ƙasar Masar. Mun baro sansanin Ƙa'itbai da unguwar masunta, yanzu sai mu bi bakin ruwa mu nufi gabas, zuwa ɗakin karatun da ya sa sunan garin ya zagaya duniya.

A zamanin sarakunan Batlamus an kafa wani ɗakin karatu a nan da nufin tara duk wani rubutu da ɗan Adam ya yi. Ana ba da labarin cewa duk jirgin da ya shigo tasha sai an bincika shi, in an sami littafi a karɓa a kwafa. Masana suka taru daga ko'ina. A nan Iƙlidis ya tsara ilimin lissafin siffofi, wanda har yau 'ya'yanmu ke koyo a sakandare. A nan kuma shugaban ɗakin karatun, Eratostenis, ya auna kewayen duniya ba tare da ya zagaya ta ba. Ga yadda ya yi. Ya sami labarin cewa a garin Aswan, can kudu, akwai rana ɗaya a shekara da idan rana ta take tsaka, abin da aka kafa a tsaye ba ya yin inuwa. A wannan rana da wannan lokaci sai ya auna inuwa a Iskandariya, ya ga ta karkata da kashi 1 cikin 50 na da'ira. Sai ya ce, ashe nisan da ke tsakanin garuruwan biyu kashi 1 ne cikin 50 na kewayen duniya. Ya ninka nisan sau 50, ya sami amsar da ba ta yi nisa da wadda aka sani a yau ba. Inuwa da tunani kawai ya yi aiki da su, fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Wannan taska ta salwanta, kuma ba a rana ɗaya ba. Gobara ta ci wani ɓangare a yaƙin Juliyas Kaisar, shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa. Yaƙe-yaƙen zamanin Rumawa sun ci wani. An rushe haikalin da reshenta yake a shekara ta 391. A tsakanin waɗannan kuma akwai sakaci: sarakuna sun daina kashe kuɗi, masana sun watse, takardu sun ruɓe ba mai sake kwafa. Labarin da ake yaɗawa cewa Amru ɗan Asi ne ya ƙone ta bai bayyana a rubuce ba sai bayan kusan ƙarni 6 da buɗe garin, kuma mafi yawan masana tarihi ba su karɓe shi ba. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai gafakoki cike da rubuce-rubucen kakanni, na Larabci da na ajami, gara da damina suna cin su a hankali. Littafi ba ya buƙatar maƙiyi kafin ya ɓace, rashin kula ya ishe shi.

A 2002 Masar, da taimakon hukumar UNESCO da ƙasashe da dama, ta buɗe sabon ɗakin karatu kusa da inda ake jin tsohon yake. Rufinsa faffaɗan da'ira ne da ya karkata yana fuskantar teku, an tsara shi yadda hasken rana zai shiga ba tare da ya bugi littattafai ba. Katangar waje dutsen Aswan ne, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120 a jiki. Zauren karatu hawa-hawa ne, yana ɗaukar mutum 2,000 a lokaci guda, kuma an tanadi wurin littattafai miliyan 8. A ciki akwai gidajen tarihi, har da na tsofaffin rubuce-rubucen hannu, da ɗakin nuna taurari. Wanda ya je da yara, wannan ne wurin da ya fi cancanta ya ba su wuni guda. Ya bar su su ga matasa sa'anninsu sun cika kujeru suna karatu shiru, ba malamin da ke tsaye a kansu.

Sauran wuraren za mu ambace su a taƙaice. Akwai Amudus Sawari, ginshiƙin jan dutse mai tsayin kusan mita 27, wanda aka kafa don girmama Sarkin Rum Diyokilishiyan. Kusa da shi akwai makabartar Kom Ash-Shuƙafa, hawa 3 da aka sassaƙa a cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, wadda aka gano a 1900, inda zanen Fir'aunawa da na Girkawa da na Rumawa suka cakuɗu. Mai ciwon gwiwa ko mai jin tsoron matsatsin wuri ya yi haƙuri da ita. Akwai dandalin Rumawa a Kom Ad-Dikka, da gidan tarihin Girka da Rum da aka sake buɗewa a 2023 bayan dogon gyara. Can ƙarshen gabas kuma ga lambun Muntaza, tsohon wurin hutun sarakuna, mai itatuwan dabino da fadar da Sarki Fu'ad ya gina a 1932. Da la'asar sakaliya a tsaya a gadar Istanli a kalli faɗuwar rana tare da iyalan garin, masu sayar da gasasshiyar masara suna kai da kawo.

Maganar abinci kuwa, garin kifi ne. A gidajen cin kifi ana jera shi ɗanye a kan ƙanƙara, ka zaɓa, a auna, ka faɗi ko gashi kake so ko suya, a kawo maka da shinkafa mai launin ƙasa da aka dafa da albasa. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓar su, in kuwa aka ji ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a nufi asibiti nan take. Garin ya kuma yi suna da soyayyar hanta mai tafarnuwa da barkono a cikin burodi, da dafaffen wake na karin kumallo. Ruwan sha dai a riƙe na gora.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce nauyi a shirin yau, ina roƙon iyaye su kasa kunne. Teku ba kogi ba ne, ba kuma dam ko kududdufi ba ne. Saurayin da ya gwanance da iyo a rafin garinsu zai iya shiga teku ya rasa ransa cikin 'yan mintuna. Dalili shi ne, ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa dole ya koma, kuma a wasu wurare yakan tattaru ya koma ta siririyar hanya da ƙarfin gaske. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar ruwa, saboda igiya ba ta fashewa a nan. Wanda ya faɗa ciki sai ya ga gaɓa tana yi masa nisa, ya firgita, ya yi ta kokawa da ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da masana ceto ke koyarwa shi ne kada a yi jayayya da shi. A natsu, a bar jiki ya taso, a ɗaga hannu a nemi taimako, in ana iya iyo a yi shi a gicciye, wato a bi tsawon gaɓa har a fita daga jan ruwan, sannan a juyo tudu.

Saboda haka a shiga ruwa a inda akwai masu ceto kawai. Jar tuta tana nufin an hana shiga, kuma ba a yi ta don ado ba. Kada a shiga da dare ko da asuba kafin ma'aikata su zo. Kada a hau tubalan kankaren da aka jibge a bakin ruwa don ɗaukar hoto, suna da santsi, igiya kuma ba ta sallama. Yaro kada ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Mata su sani cewa doguwar riga mai yalwa idan ta sha ruwa nauyi take yi tana naɗe ƙafa, don haka a tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ko a nemi kayan wanka masu rufe jiki, ana sayar da su a garin. Idan za a shiga kwale-kwalen zagaya tasha, a nemi rigar ceto ga kowa, in babu a fasa. Wanda ya ga wani yana nutsewa kuma bai ƙware ba, ya yi ihu ya jefa masa abin da ke iyo, kada ya bi shi, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Shi kansa titin Kurnish haɗari ne, motoci gudu suke yi, a nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ko wurin da aka tanada don tsallakawa.

Su ma mutanen Iskandariya ba su raina teku ba. A shekara ta 365 wata gagarumar igiya da girgizar ƙasa ta haddasa ta afka wa birnin ta hallaka jama'a masu yawa. Unguwar fadar sarakunan da, yau tana ƙarƙashin ruwan tashar gabas. A zamaninmu kuma ruwan teku yana ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi, ƙasar bakin Nilu tana nutsewa a hankali, laka da kogin ke kawowa kuma ta ragu tun da aka gina madatsar Aswan. Tubalan kankaren nan da za ku gani kewaye da sansanin Ƙa'itbai da gefen titi, ƙoƙari ne na tare ruwa. Mu da muke fama da gurgusowar hamada ya kamata mu fahimci halin da suke ciki, matsala ɗaya ce ta zo mana ta fuska biyu.

Sai dokoki da mu'amala. A nemi biza tun daga gida ta hanyar da ta dace, a riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin ana tambayarsa ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Kada a wuce kwanakin da aka ba mutum. Kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko daga wa ya fito. Ƙwayoyi irin su Tramadol laifi ne babba a Masar, an ɗaure baƙi a kansu, mai shan magani kuma ya tafi da takardar likita. Ba a shiga da ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto ba tare da izini ba. Ba a ɗaukar hoton sojoji, da 'yan sanda, da tashar jiragen kaya, da gine-ginen tsaro. Ko mutumin gari za ka ɗauka, nemi izininsa.

Wuraren tarihi da yawa yanzu da katin banki ake biya, ɗalibi mai katin shaida kuma yana samun ragi. Motocin haya na garin baƙi da rawaya ne. A yi ciniki kafin a shiga, ko a kira mota ta manhajar waya. Haka keken doki, a daidaita kuɗi da nisan zagaye tun a ƙasa. Ɗan tukuici ga mai hidima al'adarsu ce, a tanadi canji. Wanda ya yi karatun Larabci zai ga amfaninsa, ko da yake harshen titi ya ɗan bambanta da na littafi. Sallama da godiya da sakin fuska suna buɗe ƙofofi a can yadda suke buɗewa a nan. A kuma tuna, duk inda ka sa ƙafa, da kai za a auna mutanen ƙasarka. Kada a jefa leda ko gora a ruwa, kada a rubuta suna a jikin ginin da ya shekara 500 yana tsaye.

Kwana 2 ko 3 sun isa a ga abin da muka lissafa ba tare da gaggawa ba. Kuma yawon buɗe ido ba ya halatta cin bashi ko tauye haƙƙin iyali. Maganarmu ga wanda Allah ya riga ya kai shi Masar ne, ko yake da halin zuwa: ɗalibi a lokacin hutu, ɗan kasuwa da ke jiran a haɗa masa kaya, mai jinya da likita ya ba hutu kuma ya yarje masa tafiya.

Jama'a, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai ga matafiyin da ya tambaya, ya karanta, ya lura. Kafin ku tashi, ku karanta tarihin inda za ku. In kun isa, ku girmama mutanen gari da dokarsu, ku ji tsoron ruwa, ku riƙe hannun 'ya'yanku. In kun dawo, ku ba na gida labarin abin da kuka koyo, sannan ku buɗe gafakar kakanninku ku duba halin da take ciki.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.

(Kiɗan rufe shiri)